Sau Biyar a Layin Bas

Sau biyar na shigar da mota layin bas a Doha, kuma duk biyar ɗin ina sane na shiga. Ba gyangyaɗi nake yi ba, ba kuma allon gefen titi ne ya shige mini duhu ba, duk da karatuna na boko bai wuce aji huɗu na firamare ba. Hoton bas ne a jikin allon da hoton tasi, wanda bai taɓa riƙe fensir ba ma zai gane. Har yau da nake zaune a Kano ina wannan rubutu, in aka tambaye ni ko dokar nan ta yi mana adalci, cewa zan yi ba ta yi ba. Abin da nake jin kunyarsa daban ne, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Na daɗe ina jan tasi a Kano kafin 'yan adaidaita su kwashe mana fasinja. Da abin ya ƙi, sai na sami biza na tafi Katar, gemuna ya riga ya fara fari. Kamfanin da ya ɗauke ni na motocin haya ne da ake kira limozin. Sunan ne kawai babba. Ƙaramar farar mota ce, ba fitila a ka, ba fenti, fasinja ya kira ka ta waya ka je ka ɗauke shi. Tasi ta gwamnati kuwa tana da fentinta mai kalar ruwan teku da fitilarta. Aikinmu ɗaya da su, titinmu ɗaya, ranar da ke dukansu ita ke dukanmu.

Da korona ta shigo, bas-bas suka tsaya cak, jirgin ƙasa na cikin gari ya rufe ƙofofinsa. Ni na ga wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. Wa ya rage a titi? Mu. Muka ɗaura leda tsakaninmu da kujerar baya, muka sa takunkumi, muka riƙa kai ma'aikatan jinya asibiti, muna kai masu tari wurin gwaji. Mutum zai shigo yana rawar sanyi, ka nuna masa koriyar shaidar lafiya a wayarka ya nuna maka tasa, ka ja mota kana karanta duk addu'ar da ka iya. A lokacin ba wanda ya leƙa kan motata ya ce ina fitila.

Ana cikin haka kamfani ya rage motoci, aka fara da masu shekaru irina. Mudir, wato manajanmu, ya karɓi makullina ya ce in zauna a ɗaki har Allah ya kawo sauƙi. Direban da ba shi da mota a ƙasar mutane, kowa ya san abin da ke biye da zaman ɗakinsa.

Wanda ya tsamo ni wani mutumin Kumasi ne da muke gida ɗaya a Madinat Khalifa, gidan da aka yanka ɗaki-ɗaki da katako. Ɗan Zango nake kiransa, don a Zango, unguwar Hausawan garin, ya tashi, shi kuma Baba yake ce mini. Magidanci ne, ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu a gida, ga mahaifiya da ta makance. Shi ya je ya tsaya a ofishin mudir ya ce a rubuta ni direba na biyu a motarsa, shi ya ji ya gani. Aka yarda. Takardar mota da sunansa take, duk saƙon da ya shafe ta wayarsa yake zuwa. Yadda za mu raba lokaci kuwa kamfani bai damu ba, mu ya bar wa.

Muka raba. Ni daga sallar asuba zuwa la'asar, shi daga la'asar ya ci gaba. Kullum a gindin wata bishiya kusa da masallacin unguwa muke musayar makulli. Shi dogo ne, ni gajere, saboda haka abin da kowa ke fara yi shi ne jan kujera yana mita.

"Baba, wai a kan sitiyari kake kwana? Kullum sai na tarar kujera ta manne da gilashi."

"Kai ne Allah ya yi wa ƙafafu kamar na raƙumi. Sannan wannan kiɗan naku da ka bari a rediyo, da asuba na kunna mota ya kusa karya mini alwala."

Sai ya yi dariya ya ce Hausar Kano ma kiɗa ce, ba a gane farkonta. Ni kuma in ce mutumin da ke cewa mota ya lalace, miya ya yi daɗi, bai isa ya gyara wa kowa Hausa ba. Haka muke. Amma duk wasan nan, bai taɓa miƙo mini makulli da hannu ɗaya ba, bai taɓa zama ina tsaye ba. In na yi kuskure, na bar mota ba mai ko na goge ta da bango, sai dai ya gyara ya yi shiru. Tarbiyyar Zango ke nan, irin tamu ce ta da: ba a kama babba da laifi a idonsa. Na san haka sarai. Ku riƙe wannan, don a kansa na taka.

Akwai wani fasinja nawa da ya zama kamar ɗan'uwa. Dattijo ne, ya girme ni nesa, yana zaune a wata gona a Umm Salal inda ya yi shekaru yana kula da dabino da awaki har ƙarfinsa ya ƙare, masu gonar suka bar shi a ɗakinsa. Mutumin Sudan ne, amma Bahaushe. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Ranar farko da na ɗauke shi, cikin korona, na yi tsaki saboda wani ya sha gabana, sai na ji daga bayan leda an ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa." Saura kaɗan in hau gefen titi. Hausarsa tsohuwa ce, haɗe da Larabci, amma muna fahimtar juna. Ƙodarsa ta mutu, sau uku a mako ake wanke masa jini a wani asibiti cikin gari. Ƙarfe goma sha ɗaya ne lokacinsa. In ya makara da yawa sai a ɗora wani a kan na'urar, shi kuma ya jira har a sami gurbi, wani lokaci sai yamma. Na taɓa ganinsa ranar da ya jira. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa kamar ana jan zarto.

Korona ta lafa, sai gari ya juya wa Gasar Kofin Duniya. Ko'ina tuta, ko'ina fenti. Aka rufe titin bakin teku, duk motocin da ke bi ta can suka dawo kan titin da ya zagaye tsakiyar gari. A kan wannan titi aka ware layi ɗaya na gefe, aka kafa alluna da kyamarori. Bas ta bi, tasi ta bi, motar asibiti ta bi. Mu farare, a'a.

Mudir ya tara mu a garejin kamfani a hanyar Wakrah, ya tsaya a kan matakala yana magana da Turanci da Larabci, wani yana juya mana. Ya ce ba tara ce ta dame shi ba, izinin kamfani ne yake tsoro a taɓa. Saboda haka duk motar da aka kama a layin bas sau uku cikin gasar nan, direbanta ya ajiye makulli, a soke masa biza. Khalas, in ji shi, wato magana ta ƙare.

Na ɗaga hannu. Ɗan Zango ya taɓa mini gwiwa, na ture hannunsa.

Na ce, "A tambaye shi, mene ne tasi?"

Mai fassara ya dube ni.

"Ka tambaye shi mana. Motar da ke ɗaukar mutum ta kai shi inda za shi ya biya, ba ita ce tasi ba? Ko fenti ne ke ɗaukar fasinja? Lokacin da bas ta gudu ta ɓuya, wa ya kai masu tari asibiti? Yanzu baƙi za su zo kallon ƙwallo, sai aka tuna mu ba tasi ba ne?"

Direbobi suka yi ta guna-guni, wani Bakatsine ya ce, "Faɗa musu, Baba!" Mudir ya saurara har na gama, sannan ya ce ba shi ya yi dokar ba, kuma ba shi zai warware ta ba. Gaskiya ya faɗa. Amma na fito daga garejin nan ƙirjina cike, ina jin kamar na ci yaƙi.

Kwana biyu da fara gasa, na ɗauko dattijona daga Umm Salal a lokacin da muka saba. Muna shiga gari muka tarar da abin da ban taɓa gani ba. Motoci sun tsaya kamar an shuka su. Mutane da riguna kala-kala suna tsallaka titi suna busa ƙaho. Agogon mota ya nuna sha ɗaya saura minti goma, mu kuwa ko rabin titin ba mu ci ba. A damana layin bas fayau, sai tasi ɗaya-ɗaya ke wucewa, wasu ma ba kowa a ciki. Na duba madubi. Dattijo ya jingina kai da gilashi, bakinsa a buɗe, yana jan iska da ƙyar. 

Na kunna sigina na shiga.

Minti shida muka yi muka isa. Na riƙe shi har ƙofar ɗakin wankin jini. Wannan shiga ta farko, ko a gaban wa aka tsayar da ni ba zan ce na tuba ba. Da za a maimaita ranar, da na sake shiga, in ma ɗaga hannu in gaishe da kyamarar.

Amma akwai ta biyu. Jibin ranar, da na fita da wuri da awa ɗaya, da mun isa lafiya ta cikin cunkoson. Na sani. Dattijo ma ya ce, "Jibi mu yi sammako, ɗan'uwa." Na ce masa ba buƙata. A raina cewa nake, don me tsoho marar lafiya zai tashi da wuri ya zauna awa biyu a mota saboda wasu sun zo kallon ƙwallo? Don me ni da na fara jan tasi tun kafin a haifi masu jan waɗancan za a ce ban isa ba? Na shiga layin ina jin daɗi, ina kallon fararen motoci 'yan'uwana a tsaye kamar na fi su wayo. Ta farko ce kawai don dattijo. Sauran huɗun don kaina na yi su.

Abin da na ƙi tsayawa in tuna shi ne, kyamara ba ta san fuska ba. Lamba take ɗauka, lambar kuma da sunan ɗan Zango take.

Bayan ta biyu, da la'asar a gindin bishiya, ya karɓi makulli da hannu biyu kamar kullum. Bai ja kujera ba. Ya tsaya yana goge gilashin gefe da gefen rigarsa, gilashin da ba datti a jikinsa.

"Baba, motar nan ta fara zuwa inda ba a aike ta ba."

"Kamar yaya?"

"Saƙo ne ya shigo mini. Biyu. Wai an gan ta a layin bas." Bai dube ni ba. "Wataƙila kyamarar ce ta ruɗe. Farare suna da yawa."

Ƙofa ya buɗe mini. Saƙon yana ɗauke da rana da lokaci, ya san ƙarfe sha ɗaya na safe yana kan katifarsa. Abin da kawai yake jira in ce, ni ne, ba zan ƙara ba. Da maganar ta mutu a nan. Amma ni da na tsaya gaban direbobi na yi wa mudir wa'azi, sai na ji nauyin in sunkuyar da kai gaban wanda na girma.

Na ce, "Wataƙila. Na'urorin nan ba su da tabbas."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya shiga mota ya tafi.

Na san ba zai sake tayar da zancen ba, na kuma san ba zai kai sunana ofis ba ko da wuƙa a wuyansa. Da wannan sanin na shiga ta uku. Na gaya wa kaina mudir barazana kawai yake yi, ana tsakiyar gasa wa zai kori direba? Ta huɗu da ta biyar ma ban tsaya gaya wa kaina komai ba.

Mudir ba barazana yake yi ba. Aiki ne ya yi masa yawa bai duba takardu da wuri ba, da ya duba sai ya ga biyar a mota ɗaya. Ya kira mai sunan. Ban san an kira shi ba sai da Bakatsinen nan ya tare ni a bakin masallaci bayan azahar.

"Baba, ka ji abin da ya sami mutuminka? An ce ya ƙarasa gasa ya tattara. Mudir ya tambaye shi har sau biyu, kai ne ko tsohon? Ya ce shi ne, wai kun yi musayar lokaci a makon. Kai, mutumin nan da ko jan wuta bai taɓa tsallakewa ba!"

Ya tsaya yana kallona. Shi ma ya sani. Shi ma ba zai faɗa ba.

Na ce, "Allah ya kyauta." Na sa takalmina na wuce.

Kwana tara na yi da wannan a cikina. Ina so in rubuta cewa ban iya cin abinci ba, amma ƙarya ne, na ci. Na daina shiga layin, na fara ɗauko dattijo da wuri, muna isa a kan lokaci ba wata wahala. Kowace la'asar ina miƙa makulli, ana karɓa da hannu biyu. Wasan kujera da na rediyo ya mutu. Ina ta kawo wa kaina dalilai. Shi yana da sauran ƙarfi, zai sami wata ƙasar. Ni in aka soke tawa, da shekaruna ba mai sake ba ni biza. Kuma ai ba ni na ce ya ɗauka ba, shi ya ɗora wa kansa. Katako ne tsakanin ɗakina da nasa, ina jin sa da asuba kafin ya kwanta yana waya da matarsa, yana ce mata kada ta gaya wa tsohuwa tukuna.

Rana ta tara, Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci ya yi sallama a ƙofata. Ya durƙusa ya ajiye abu biyu a kan tabarma: matashin da yake sa wa a bayansa in yana tuƙi, da makulli na biyu na motar.

"Mudir ya ce in an gama gasa kai za a rubuta direba na farko. Na ce masa ya yi daidai, ba wanda ya san motar nan kamarka. Matashin kuma ka riƙe, zai ɗaga ka kaɗan, ka daina manne kujera da gilashi."

Ya yi murmushi. Wasa yake so mu yi, yadda za mu rabu ba nauyi.

Na kalli makullin. Mutumin da ya sa ni a motarsa lokacin da ba ni da komai, yau ni zan gaje ta, shi ya koma Kumasi da laifina a takardarsa. Kuma ya zo har ɗaki ya kawo mini da hannu biyu. Sai na ce, "To, madalla." Ya tashi ya fita. Wannan madallar ita ce mafi munin kalmar da ta taɓa fita daga bakina.

Washegari Asabar ranar wankin jini ce. A hanya na gaya wa dattijo komai, ban rage ba. Da na gama ya ce, "Da sunana ka yi wannan?" Na ce ta farko kawai. Ya laluba aljihu ya zaro katin asibitinsa, wanda ake buga masa rana da lokaci duk zuwa, ya miƙo mini ta saman kujera. Ya ce, "Ka dawo mini da shi kafin a cire ni daga na'ura. Yalla, yi sauri."

Daga asibiti na miƙe Wakrah. Na tarar da mudir yana shan shayi, waya biyu suna ƙara a gabansa. Ban nemi mai fassara ba, da guntun Larabcina da guntun Turancina na yi. Na ajiye katin, na ce ya ɗauko saƙonnin nan biyar ya jera. Ya jera. Rana da lokaci sun yi daidai da na katin, duk biyar.

Ya ce, "Shi ya ce shi ne."

Na ce, "Ƙarya ya yi. A wurinmu ƙarami ba ya tona babba. Ni kuma na san haka, na ɓuya a bayansa."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambaya ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Sannan, tunda dai na riga na zo, na ce masa akwai sauran magana. Na ce dokar nan ba daidai ba ce, jiya ba daidai ba ce, gobe ma haka. Tasi ba kowa a ciki ta wuce, mai ciwon ƙoda ya tsaya a rana saboda motarsa fara ce. Na ce ban zo neman afuwa a kan layi ba, na zo ne a cire sunan wanda bai shiga ba a sa nawa.

Ya ce, "Kai dattijo, kanka da tauri yake."

Na ce, "An sha faɗa mini."

Ya ɗauki biro ya yi abin da na nema. Ya ce in ajiye tuƙi daga ranar, bizata kuma ba za a sabunta ba. Bai wulaƙanta ni ba, har shayi ya sa aka kawo mini, ban sha ba. Na roƙi alfarma ɗaya, in mayar wa dattijo katinsa in kai shi gida. Ya ce in je.

Na zaci ɗan Zango zai yi murna. Da la'asar a gindin bishiya na ga ransa a ɓace, karo na farko tun da na san shi.

"Baba, me ya sa ka yi haka? Yanzu na zama maƙaryaci a gaban mudir. Na riga na gama magana, na gaya wa matata, na shirya raina. Kai kuma ina za ka? Wa zai ɗauke ka?"

"Gida za ni. Ina da gida."

"Da ka bari kawai."

"Na bari kwana tara. Ya isa."

Na miƙa masa makullai biyun. Ya ƙi karɓa, sai na ɗora su a kan mota na juya. Ina jin sa yana jan kujera baya da ƙarfi kamar zai karya ta.

Ban tafi nan da nan ba, sai da aka gama gasa aka gama takarduna. Cikin makonnin nan ya juya lokacinsa ya koma safe saboda dattijo, ba wanda ya roƙe shi. Muna gaisawa, yana kawo mini abinci in ya dafa, amma maganar ba ta sake tasowa ba. Na ga alamar haka yake so mu rabu, a rufe, kamar ba a yi komai ba.

Shi ya kai ni filin jirgi, da rana tsaka. Na zauna a gaba, jakata a baya. Muka biyo ta titin nan. Baƙi sun watse, an fara sauke tutoci, amma allon yana nan da hoton bas da na tasi, ga ɗan cunkoso a gabanmu, ga layin a dama ba kowa. Ya dubi layin, ya dube ni ta gefen ido.

"Baba, in shiga? Kada jirgi ya tafi ya bar ka."

"Shiga ka gani in ban fasa maka kai da carbin nan ba."

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Na bari ya gama, sannan na ce, "Ɗan Zango, ka yafe mini."

"Haba Baba. Ba ka yi mini komai ba."

Amsar da kowa ke bayarwa ke nan in za a rabu, ni ma na sha ba da ita. Amma ranar na ƙi karɓa.

"Na yi. Kuma ba na son yafiyar da ba a san ta mene ne ba. Ka faɗi abin da na yi maka da bakinka, sannan ka yafe. In ba haka ba ba zan sauka daga motar nan ba, ka san ni."

Motoci suka matsa, ya matsa, suka tsaya, ya tsaya. Bas ta wuce mu ta dama, tasi biyu suka bi bayanta. Yana kallon gaba, hannunsa biyu a kan sitiyari. Har na fid da rai, sai ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranar da na ce maka kyamara ce ta ruɗe, ka ce wataƙila. Wannan ya yi mini ciwo, Baba. Ba korar ba. Wataƙilar nan."

"Sai me?"

"Sai ka ƙara uku a kai."

"Sai me?"

"Sai na kawo maka makulli ka ce madalla." Ya share fuska da tafin hannu. "Shi ke nan. Na yafe, duniya da lahira. Kada ka sake sa ni irin wannan, don Allah."

Na ce ba zan sake ba. Muka ƙarasa a layinmu na farare, a hankali, muka isa da sauran lokaci.

Har yanzu motar tana hannunsa, takardarsa ba tabo. Yakan kira ni ranar Juma'a, wani lokaci kuma ranar wankin jini, ya miƙa wa dattijo wayar. Ya ce an ba shi sabon direba na biyu, wani dogo irinsa, yanzu ba mai taɓa masa kujera. Duk kiran sai ya tsokane ni ya ce, to Baba, yanzu dai ka yarda limozin ba tasi ba ce? Ni kuma in ce masa ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba, ya dai tsaya a layinsa.